Kusun Rumbu da Tsoron Mahaifa: Martani ga Malam

Wani ƙanena da ke koyarwa a Damagaram ya zo mana Dogo hutu da wata maƙala ninke a aljihu, ya ce lalle sai na karanta. Wani malami ne ya rubuta ta, mutumin da na daɗe ina bin alƙalaminsa, ban kuma taɓa kama shi da rubutun neman suna ba. Shi ya sa sai da na karanta ta sau biyu kafin zuciyata ta yarda cewa a wannan karon Malam ya saki hanya, irin sakin da in aka bi shi mu manoma ne za mu ji a jikinmu.

Ga abin da ya ce, gwargwadon fahimtata. Ya samu labarin cewa masu bincike a ƙasashen waje suna gwada wasu magunguna a kan matan ɓeraye, waɗanda ke tsayar da haihuwarsu ba tare da tiyata ba, in kuma aka daina ba su sai haihuwar ta dawo. Sai ya tambaya: wane ne a duniya ya damu da haihuwar ɓera har zai zuba mata dukiya? A ganinsa ɓera tsani ne kawai, ƴar Adam ake hange, musamman matan ƙasashe irin tamu da aka daɗe ana yi wa gorin yawan ƴaƴa. Ya ce kowane magani da ɓera ake farawa, da mutum ake ƙarewa. Ya tuna mana abin da ya faru a Kano a 1996, da kalaman shugaban Faransa Macron a 2017 kan matan Afirka masu haihuwar bakwai zuwa takwas. Ya ƙara da cewa ba mu da buƙatar abin, tunda ga guba a kasuwa ga kyanwa a gida, kuma hana dabba haihuwa taɓa halittar Allah ne. Ya rufe da kiran hukuma ta hana shigo da irin wannan magani, jami'o'inmu kuma kada su kusance shi ko da sunan bincike.

Malam, tsoronka yana da asali, ba zan raina shi ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin wani gwaji da ya haɗa yara 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a faɗa musu cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Zan ma ƙara maka hujjar da ba ka kawo ba, wadda ta fi taka ƙarfi. Akwai wani magani, quinacrine, wanda da can na zazzaɓin cizon sauro ne. Wani likita a ƙasar Cile, Jaime Zipper, ya gano cewa in an sa shi cikin mahaifa yana toshe hanyar ƙwai har abada, kuma da ɓeraye ya fara. Daga nan aka yi ta sa wa mata a ƙasashe matalauta. A Biyetnam kaɗai sama da mata 30,000 aka sa wa tsakanin 1989 da 1993, Indiya kuwa sai a 1998 ta haramta shi. Wannan ya faru, babu mai ƙaryatawa.

To amma mu duba ta inda ɓarnar ta shigo. A Kano da Biyetnam abin da aka tsallake shi ne cikakken bayani ga mutane da bin matakan gwaji. Babban ƙorafin masu sukar quinacrine shi ne an kai shi jikin mata tun ba a gama auna illarsa a jikin dabbobi ba. Da aka dawo aka yi gwajin da ya kamata tun farko, aka bi matan ɓeraye tsawon rayuwarsu, sai ga ƙari yana fito musu a mahaifa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada a sa wa mata. Wa ya ceci matan da suka rage, in ba wannan ɓeran gwaji da kake so jami'o'inmu su ƙaurace wa ba? Ƙasar da ba ta da ɗakin gwaji nata, duk abin da aka kawo mata sai dai ta haɗiye ko ta tofar, duka biyun a cikin duhu.

Sai maganarka cewa abin da aka fara da ɓera da mutum ake ƙare shi. Jikin macen ɓera ya yi kama da na ƴar Adam ta wasu fuskoki, ya saɓa ta wasu. Tana sakin ƙwai duk kwana 4 zuwa 5, cikinta kwana 21 zuwa 23 ne, shi ya sa ake son ta a ɗakin gwaji: abin da za a shekara ana jira a jikin saniya, cikin wata biyu an gan shi a jikinta. Amma kamar ba ta kai a ce duk abin da ya same ta shi zai sami mace ba. A 1956 wani kamfani a Amurka ya harhaɗa wani sinadari, aka ba matan ɓeraye, suka daina ɗaukar ciki. Aka ɗauka an samu maganin hana haihuwa. Da aka gwada a kan mata sai ya yi akasin haka, waɗanda ƙwansu ba ya fita suka fara saki. A 1961 likita Robert Greenblatt ya wallafa abin da ya gani, a 1967 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Sunansa clomiphene, a kantin magani an fi sanin sa da Clomid. Malam, shi ne fa abin da likitocin mata suka saba rubuta wa matar da ta shekara biyar a ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta yi ba, wadda dangin miji suka fara yi wa kallon juya. Na san mata a yankinmu da suka goya ta sanadinsa, da ikon Allah. Da an rufe ƙofar wancan bincike saboda kalmar hana haihuwa da ke jikinsa, me za a ba waɗannan bayin Allah?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Tamoxifen, wanda aka harhaɗa a Ingila a 1962, shi ma ya hana ɓeraye ɗaukar ciki, a jikin mata bai hana ba, daga baya ya zama babban maganin sankarar mama. Bitamin E ma da ake sha yau, a 1922 Herbert Evans da Katharine Bishop suka gano shi a Kalifoniya, yayin da suke neman dalilin da ya sa cikin wasu matan ɓeraye ke lalacewa, har suka ga ganyen latas da ƙwayar alkama suna gyara shi. Wanda ya san yadda ake tsayar da ƙwai, shi ne ya san yadda ake tayar da shi, domin hanya ɗaya ce: saƙo daga ƙwaƙwalwa ya bi jini zuwa ma'ajiyar ƙwai, ita ma ta mayar da amsa.

Akwai abin da zan faɗa da bakina don kada a ce na ɓoye. Ɗaya daga cikin haɗin da ake gwadawa a kan kusan gona, wanda masana a ƙasar Sin suka sa wa suna EP-1, sinadarai biyu ne, quinestrol da levonorgestrel, kuma dukkansu daga magungunan tazarar haihuwa na mata aka aro su. Levonorgestrel ɗin shi ne a cikin wata irin ashanar da ake sa wa mata a dantse a asibitocinmu, da saninsu da neman su. Ka ga ke nan a wannan karon daga mutum aka tafi zuwa ɓera. Mai mugun nufi da matanmu, me zai tsaya jira daga ɓera, alhali maganin ya haura shekara 50 a duniya? Kuma irin wannan magani yana aiki ne muddin yana cikin jiki, da zarar ya ƙare haihuwa ta dawo. Wanda ke son ya kashe zuriyar wata al'umma ba zai ɓata shekaru yana neman maganin da ke warwarewa ba. Masu neman mai warwarewa su ne masu kula da dabbobin da ake son rage yawansu ba tare da an ƙarar da su ba, kamar giwayen gandun dajin Kruger a Afirka ta Kudu, waɗanda aka fara yi wa allurar tazarar haihuwa a 1996.

Yanzu ga tambayarka da ta fi taɓa ni: wa ya damu da haihuwar ɓera? Ni na damu, Malam. Duk mai rumbu a Dogo ya damu, haka na Mirya da Magarya da Matamai. Mu nan kusu muke ce masa, kuma mun san shi fiye da yadda muka san wasu dangi. Da kaka ka ɗaure dammunan hatsinka ka jera a rumbu, ka ƙirga ka ce za su kai ka damina. Bazara na yi ka buɗe, ka tarar da zangarniya a gaigaye, ƙasan rumbu cike da kashin kusu, ga zarnin fitsari ya kama abin da ya rage, sai matar gida ta yi ta sheƙa da wanki kafin ya ciwu. Ka yi binne kana jiran ruwan farko, cikin dare su bi rami rami su tone irin, ka wayi gari gona kamar ba a shuka ba. Ka sake shuka da irin da ka ranto. Masu garka a kwarin Korama su ma ba su tsira ba, rake da rogo da dankali duk ana yi musu ɓarna daga ƙasa. Wannan asara ba ta da ranar da ake shelarta kamar ta fara, shi ya sa mutumin birni bai san girmanta ba.

Sirrin ƙarfin kusu kuwa haihuwar tasa ce. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi addabar gidaje da gonakin Afirka, wanda masana ke kira Mastomys, macensa tana da nonuwa har wajen ashirin. Cikinta kwana 23 ne, takan zuba ƴaƴa 10 zuwa 12 a haihuwa ɗaya, tana iya sake ɗaukar ciki tana kan shayarwa, ƴaƴan kuma cikin wata uku sun fara nasu. In damina mai kyau ta biyo bayan fari, ciyawa ta yi ƴaƴa, sai su yi ambaliya. Haka aka gani a Sahel a 1975 zuwa 1976, aka sake gani a 1986 zuwa 1987. Bayan ci kuma ga cuta. Wannan Mastomys shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, yake kuma kashe mutane a Najeriya duk rani. A Yamai, binciken da masana ƴan Nijar irin su Madougou Garba suka yi tare da abokan aikinsu na Faransa ya gano ƙwayar cutar leptospira, mai bin fitsarin kusu ta shiga ruwa, a jikin kusan garaken da ke bakin kogi. Mai ban-ruwa da ke tsaye cikin laka ba takalmi, a Yamai yake ko a Korama, wannan labarinsa ne.

Ka ce guba ta ishe mu. Da ta ishe mu, da tuni an gama, don mun fi shekara hamsin muna zuba ta. Wadda ake saye a ƙulli a kasuwa, shinkafar ɓera, sau da yawa babu suna babu takarda a jikinta. Mai saurin kisa irin zinc phosphide, da ta haɗu da ruwan ciki sai ta saki iska mai dafi, kuma ba ta da makari, ko a cikin kusu ko a cikin yaro mai rarrafe da ya tsinci ƙwayar a bayan randa. Wace unguwa ce ba ta da labarin kajin da suka mutu rana ɗaya saboda sun tsattsagi hatsin da aka barbaɗa wa kusu? Ni kaina na taɓa kwashe zabi bakwai na gidanmu a matse guda. Kusu kuma yana da wayo, in ya ɗanɗana kaɗan ya ji ciwo bai mutu ba, ba zai sake kusantar abincin ba. Mai kisa a hankali, irin warfarin da aka fara sayarwa a 1948, shekara goma kacal ta yi aka samu ɓerayen da ba ta kashewa a Sukotland, a 1958. Waɗanda aka ƙirƙiro bayanta sun fi ƙarfi, amma suna zama a hantar kusu, kyanwar da ta ci shi ta mutu, mujiyar da ta ɗauke shi ta mutu. Kyanwar da kake cewa ta ishe mu, gubar da kake cewa ta ishe mu ce ke kashe ta. Mujiya kuwa, da muke jifa saboda camfi, iyali ɗaya nata yana cin kusa dubbai a shekara, har a Malesiya akwatuna ake kafa mata a gonakin kwakwar manja don ta zauna.

Sannan ko guba ta kashe rabi, rabin da ya rage ya samu abincin mutum biyu, ramuka sun yi masa yawa, sai haihuwa ta ƙaru, kafin wata uku gurbi ya cike. Nan ne hikimar hana haihuwa take. Tsohon kusu yana nan a raminsa, yana korar baƙo, amma ba ya ƙara yawa. A 2016 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da ContraPest, wani ruwa mai zaƙi da maiƙo da ke rage ƙwan mace da maniyyin namiji muddin suna sha. A watan Satumba na 2024 majalisar birnin New York ta amince a gwada maganin hana ɓeraye haihuwa a wasu unguwanni, bayan wata mujiya da mutanen birnin ke so ta mutu aka samu gubar ɓera a jikinta. Lura, Malam, a titunan kansu suke zubawa, kusa da gidajen ƴaƴansu. A nan Afirka kuwa, masana na Jami'ar Noma ta Sokoine da ke Morogoro a Tanzaniya, irin su Apia Massawe da Rhodes Makundi, su ne suka gwada EP-1 a kan Mastomys, an kuma kai gwajin gonakin masara har Zambiya. Baƙaƙen fata ne da ke neman mafita ga manoman ƙasarsu. Su ma za mu ce matansu suke hange?

Batun addini ba zan tsawaita ba, don ka fi ni sani. Ɓera yana cikin dabbobi biyar masu cutarwa da hadisi ya halatta kashewa ko a cikin Harami. Abin da aka halatta kashe shi, yaya rage haihuwarsa zai zama ya fi kisan nauyi? Mu da muke dandaƙe bunsuru ya zama taure, muke fiɗiye sa don ya yi ƙiba ya ja amalanke, malamai kuma suka ce layya da fiɗiyayyen rago ta yi? Hukuncin ɗan Adam daban yake, kuma an riga an fayyace shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta haramta kafa dokar ƙayyade haihuwa, ta haramta kashe haihuwar mutum gaba ɗaya in ba da larura ba, ta halatta tazara ta wani lokaci in miji da mata sun yarda. Wannan katanga tana nan, ni ma ina bayanta, kusun rumbu kuma ba ya cikinta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga inda irin wannan magana ta taɓa kai mu. A 2003 aka ce ɗigon rigakafin shan inna yana ɗauke da maganin hana haihuwa. Kano ta dakatar da shi har Yulin 2004. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, ta kai har Yaman da Indonesiya, mu da ke bakin iyaka kuwa ba mu da inda za mu ɓuya. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a lokacin yanzu magidanta ne, muna ganin su a kan kekunan guragu. Ƴan matan da suka sha ɗigon kuma sun yi aure sun hayayyafa, ga ƴaƴansu nan cike da makarantun allo. Sai 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'in cutar na daji. Masu waccan magana da yawansu da kyakkyawar niyya suka yi ta, kamar yadda na tabbata kai ma da ita ka yi taka. Niyyar ba ta mayar wa kowa ƙafarsa ba. In yau muka koya wa mutane cewa duk inda aka ambaci ɓera da haihuwa makirci ne, gobe ungozoma ce za ta sha wahalar shawo kan mai ciki ta karɓi maganin ƙarin jini.

Ba ina cewa a buɗe iyaka a shigo da buhunan wannan magani a watsa a gonaki ba ne. Ina da tambayoyina, kuma na ga sun fi naka kusa da ƙasa. Yaranmu suna farautar gafiya da kusan daji su gasa, to nawa ne ke saura a naman wanda ya ci maganin, kuma kwana nawa yake ɗauka kafin ya fita? Kaza da zabuwa da suka tsinci abin, ƙwansu zai ƙyanƙyashe? In ruwa ya wanke shi zuwa rijiyar garka fa? Nawa ne kuɗinsa a kan tiyar hatsin da zai ceto, tunda sai an yi ta sakawa? In ni na sa a gonata maƙwabcina bai sa ba, kusansa ba za su cike gurbin ba? Waɗannan tambayoyi ba mai amsa mana su daga New York. Sai an kama kusanmu, an ba su a keji, an auna, an ƙirga, a cibiyar binciken noma ta INRAN, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, a jami'armu ta Damagaram, tare da ma'aikatar kare tsirrai, a kuma karanta sakamakon da Hausa a rediyo kowa ya ji. Ƙofar da kake so a rufe, ita ce kaɗai wadda amsar za ta iya shigowa ta cikinta.

Mun taɓa bin wannan hanya ta kuma yi kyau. Buhun PICS mai ninki uku, wanda ya raba masu wake da yawa da zuba guba a cikin abinci, da Jami'ar Purdue ta Amurka aka yi shi, amma masanan INRAN na Maraɗi ne suka gwada shi suka tabbatar, aka fara yaɗa shi daga 2007, ana buɗe buhu a gaban jama'a bayan watanni kowa ya ga waken da idonsa. Haka nake so a yi da wannan. Kafin nan kuma aikin da ke hannunmu yana nan: a ɗaga rumbu a kan duwatsu, a naɗa wa ƙafafunsa kwano mai santsi, a share ciyawar da ke kewaye da shi, unguwa ta haɗa kai ta ɗana tarko lokaci ɗaya tun kafin damina, a daina jifan mujiya, a kuma hana sayar da gubar ƙulli marar suna, wadda ita ce ta cancanci kiran haramcin da ka yi.

Malam, ina gayyatar ka Dogo da bazara, ka sauka a gidana. Zan buɗe maka rumbu ka duba ƙasansa, in kai ka gonar da zan yi binne, mu koma da asuba mu ƙirga ramukan da aka tone. In kuma akwai ɗalibin jami'a da ke neman inda zai ɗana tarkonsa ya auna kusa, ka zo mini da shi, na ba shi kadada ɗaya ta gefen kwari.